Mukayyif a Kan Dutsen Shafa

Lahadi, 3 ga Disamba, 2023

Umma ta fita takaba tun watan jiya, amma har yau ba ta taka ƙofar gida ba. Daga gado sai sallaya. Na kai mata farfesu, cokali biyu ta sha ta ture kwanon. Zoben hannunta ma yawo yake a yatsa. Likitar da nake aiki a asibitinta ta ce ba ciwo ba ne, a fitar da ita ta sha iska. Faɗa da sauƙi. Matar da ko labulen taga ba ta yarda a ɗaga.

Ina tsoro, gaskiya. Baba ya tafi, ba na so ta bi shi ina ji ina gani.

Talata, 5 ga Disamba

Na yanke shawara: dutse za mu. Umma a Bukur aka haife ta, can wajen Jos, kuma duk yarintarmu labarin duwatsun garinsu take ba mu. Tun zuwanta Jidda kuwa ba abin da take hawa sai benen gidanmu a unguwar Bani Malik. Zan kama mana ɗakin katako a Shafa, sama da Ɗa'if, kwana ɗaya.

Nawaf ya ce ba za ta yarda ba. Ƙanena ne, amma maganarsa kullum ta babban wa. Na ce shi dai ya nemi hutu a masana'antarsu, sauran ya bar mini.

Da Hausa nake rubuta wannan don shi da ƙanwarmu Abir ba su iya karanta ta ba. Ribar zamana a Kaduna wajen Gwaggo ke nan.

Alhamis, 7 ga Disamba

Na yi waya da mai ɗakunan, wani dattijo Ammu Saleh. Ɗaki biyu suka rage masa, ɗaya mai murhun jin ɗumi, ɗaya mai mukayyif, wato AC. Na ce mai mukayyif. Ya ce, "Ya binti, a Disamba?" Na ce ko a wane wata ne, uwata ba ta kwana ɗakin da babu na'urar sanyi. Ya yi ta dariya har da tari. Na san irinsu, so yake ya ajiye mai kyan ya ba wasu. Ban bari ba sai da ya ce halas, shi ke nan, ya ba ni.

Ni Tahani, ba a cuce ni a ciniki ba tukuna.

Litinin, 11 ga Disamba

Ta ce a'a.

Laraba, 13 ga Disamba

Ta yarda! Ba lallashi ya yi aiki ba. Ce mata na yi ni zan tuƙa, kuma ko da ita ko ba ita zan hau hanyar Hada, mai bi ta kan dutse zuwa Ɗa'if. Ta dube ni ta ce, "Ke? Ki hau dutse da yarana a mota?" Sai ta ce wa Abir, autarmu, ta ɗauko mata abaya a goge. Wato zuwa za ta yi ta tsare mu da addu'a. Ko ma don me, ta yarda.

Kaya sun haɗu: ƙanƙara cike da kula, lemo, kankana, zannuwan gado marasa nauyi, tantin da Nawaf ya aro zai kwana a waje. Abir ta sa ƙaramar fanka. Ban manta komai ba.

Juma'a, 15 ga Disamba

Na hau Hada da kaina. A rubuta. Hanya tana ta murɗewa, kunnena ya toshe, birai zaune a gefen titi suna kallon motoci, Umma tana jan carbi tana cewa in rage. Ko sau ɗaya Nawaf bai karɓi sitiyari ba, duk da ya miƙo hannu.

Sai muka iso, na buɗe ƙofar mota.

Wallahi ban san akwai irin wannan sanyin a ƙasar nan ba. Hazo ya rufe komai, bishiyar da ke gabanmu ma sai an matsa ake ganinta. Ɗakin yana da kyau, katako sabo, ga mukayyif babba a bango yana jiranmu. Na nemi maɓallin zafi, babu. Na buga wa Ammu Saleh, ya ce ɗakin murhun wasu sun shiga tun safe, amma akwai itace a bayan ɗaki, kyauta. Na ji murmushi a muryarsa.

Umma ta ƙi fitowa daga mota. Muka lulluɓe ta da sallayu duka. Na tsaya ina kallon kular ƙanƙara, raina ya ɓaci ƙwarai. Na jawo tsohuwa mai rauni daga ɗakinta na kawo ta inda sanyi zai kwantar da ita. Na ce a raina in la'asar ta wuce ba wuta, sauka za mu yi, kuma na san ba za ta ƙara yarda ta fita ba.

Mu uku, haihuwar Jidda, ba wanda ya taɓa hura itace. Nawaf ya jera manyan gumagumai a kwance ya cusa takarda ya kunna. Takarda ta cinye, itace ko a jikinsa. Abir ta nemi bidiyo a waya, ba sabis. Ya fesa turarensa, wuta ta tashi bal ta mutu, ta bar mu da hayaƙi mai ƙamshi.

Sai gilashin mota ya sauka. Umma ta ce, "Wa ya ce muku a kwantar da itace kamar gawa? Numfashi yake so."

Ta fito. Da sallaya a kafaɗa, da silifas, ta fito! Ta aiki Abir ta tsinto ƙirare a ƙarƙashin bishiya inda raɓa ba ta taɓa ba. Ta sa Nawaf ya kawo duwatsu uku, ta mayar da ɗaya wai ya cika laushi, fashewa zai yi. Ta jingina itacen kai da kai, ta durƙusa ta busa. Ni dai hannuna a baki. Wuta ta kama.

Ta ce, "Yalla, tukunya."

Asabar, 16 ga Disamba

Jiya ta dama kunun gyaɗa a kan wutar, ta sha kofi guda ta ƙara rabi. Yau da safe ta ci burodi da zumar dutse, ta gasa masara da muka saya a hanya ta cinye ɗaya ita kaɗai. Ina ƙirgawa a ɓoye, ta kama ni ta ce in daina kallon bakinta.

Nawaf bai kwana a tantinsa ba. Da zanen gado muka same shi a bakin ƙofa daga ciki. Abir ba za ta bar shi ya manta ba.

Da hantsi hazo ya yaye, duwatsu suka fito har iya gani. Umma ta daɗe tsaye. Ta ce na Bukur sun fi baƙi. Sai ta ce Baba ma bai iya hura wuta ba, ranar da suka tare sai da ya cika ɗaki da hayaƙi. Karo na farko ke nan da ta ambace shi tun rasuwar, kuma dariya take yi.

Da na mayar da makulli Ammu Saleh ya tambaya ko mukayyif ya yi sanyi sosai. Na ce madalla da shi. Nawaf yana ta ba da labari wai kuskurena ne ya tashe ta. Kuskure ko dabara, wa ya kawo ta? Ni.

Alhamis, 21 ga Disamba

Ta karɓe kicin. Wai miyata ba gishiri, ta yi haƙuri ne kawai duk watannin nan.

Laraba, 27 ga Disamba

Na baro asibiti da wuri kamar kullum. Umma ba ta gida. Abir ta turo saƙo wai sun tafi kasuwar Bab Makka da Hajiya Zubaidatu ta bene na biyu, sayen barguna. Ba wanda ya gaya mini. Abin da nake nema ke nan, alhamdu lillahi, na yi nasara.

Na zauna a falo. Ba wanda zan dafa wa, ba wanda zan lallasa. Tun ranar jana'iza ban taɓa zama ni kaɗai a gidan nan ba. Ban san lokacin da abin ya zo ba, kuma ba zan rubuta shi ba.

Na jiyo muryarta a matakala tana dariya da Hajiya, na yi sauri na wanke fuska. Ta shigo da ledoji, ta dube ni ta ce, "Sai yau naki ya zo?"

Na ce mura ce, daga dutse na ɗauko.

Ta ce to. Ta ajiye ledojin ta zauna kusa da ni, ko abaya ba ta cire ba.