Tagar da Musaddiq Ya Ƙwanƙwasa

Nasarawa Gwom, Jos.
3 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗiyata Ummusalma. Allah ya sa haka, amin.

Yau kwana goma sha tara da fitowarmu daga ramin kuzar nan, ko sau ɗaya ba ki ɗauki wayata ba. Na zo gida sau biyu, an ce kina kwance. Shi ya sa na rubuto, na ba Pwajok mai Keke ya kawo miki. Zan faɗi komai tun daga farko, don kada gobe ki ce na ƙara ko na rage.

Shekara goma sha shida ina yi miki gori a kan safiya ɗaya, ranar da Alhaji Jabir ya zo gidanmu zai sa ni a harkar sayar da magani. Kika tare shi a ƙofa kika ce na tafi Bauchi, alhali ina ɗaki ina guga. Ya tafi bai sake dawowa ba, ni kuma na ƙare a gareji. Ni na matsa miki mu je ramin da Kaka yake ba mu labari, na gonar Baba Badung a bayan duwatsun Titin Bauchi, wanda ya ce duk wanda ya shiga da wata rana a zuciyarsa, a ranar zai fito. Muka shiga, muka fito a safiyar nan ta 2008. Na zagaya bayan gida na ƙwanƙwasa tagar ɗakina, saurayin, wato ni na wancan lokacin, ya fito, ya ga Alhaji. Muka koma ramin da niyyar fitowa a yau ɗinmu. Da muka fito kika ce za ki leƙa gidanki a Tudun Wada, mu haɗu a bakin ramin da la'asar.

Yaya, da na isa, babu garejina. Gida ne mai hawa uku a wurin. Maigadi ya kalle ni ya rikice, ya ce, "Oga, yaushe ka fita?" Ya shigar da ni. Na tarar da kaina a falo, fuskata ce sak, sai dai an cusa mata kitse. Yana cin naman rago, mai na bin zobban hannunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fashe da dariya.

"Kai ne ka ƙwanƙwasa tagar? Ashe ramin Kaka gaskiya ne! Zo ka ga abin da ka yi mana."

Ya kai ni wata rumfar kwano a bayan gida, jingine da masai. Warin ya tare ni tun daga ƙofa. Buhunan alli da garin rogo jibge a ƙasa, kashin ɓera ko'ina a kansu, inji yana buga ƙwayoyi farare tas. A gefe ga wani mutum yana dama jan ruwa a bahon wanka da hannunsa har gwiwar hannu, hannun duk ƙazwa. Ana ɗura ruwan a kwalabe, ana liƙa musu hoton jariri yana dariya.

Ya ce, "Wannan na zazzaɓin yara ne."

Na ce, "Yana warkarwa?"

Ya ce, "Yana da zaƙi."

Da la'asar na same ki a bakin ramin kina amai, har a hijabinki. Kika ja ni muka koma safiyar nan, muka tsaya bayan bishiyar mangwaro har ke ta wancan lokacin kika sallami Alhaji Jabir, ban taɓa tagar ba. Da muka dawo yau ɗinmu, ga garejina nan yadda na bar shi.

Tun ranar nake wanka da omo. Ki yafe mini gorin da na yi miki. Amma ki gaya mini, me kika gani a Tudun Wada?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Musaddiq.

Tudun Wada, Jos.
6 ga Yuni, 2024.

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ummusalma tana gaishe ka, ta fara jarrabawa. Ina fatan kai ma kana lafiya da iyali.

Takardarka ta iso, na karanta, na sa ta a murhu. Kana da hankali kuwa? Ka rubuta irin wannan ƙazanta ka ba mai Keke, in ya buɗe fa? In maigidan ne ya karɓa fa?

Na yafe maka. Ka ga dai abin da na tsare ka daga gare shi, sai ka gode wa Allah ka riƙe garejinka. Wancan mutumin ba kai ba ne. Ka daina wanka da omo kafin fatarka ta lalace.

Game da tambayarka, babu abin da na gani. Na je gidan, na tarar wasu ne a ciki, na juyo. Aman da ka gani, warin jemagun ramin ne ya tayar mini da zuciya. Kada ka sake tayar mini da maganar nan, a takarda ko a baki. Kuma kada ka zo tukuna, jikina bai gama daɗi ba.

Ka gaida Hussaina da yara.
Yayarka,
Tabawa.

Nasarawa Gwom, Jos.
9 ga Yuni, 2024.

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya ba Ummusalma sa'a. Wannan karon na liƙe ambulan da gam.

Kin ce ba ni ba ne. Ni ne, Yaya. Yana sosa bayan kunne in zai yi ƙarya, kamar ni. Tabon wuƙar da ke babban yatsana yana nan a nasa. Kuma akwai abin da na ɓoye miki. Bayan mun fito daga rumfar ya ce in zauna mu ci abinci, na zauna. Na ci naman nan, warin rumfar yana hancina, na ƙara faranti na biyu. Ina taunawa ina kallon motocinsa ta taga, zuciyata tana cewa, to, in ba ni na yi ba ai wani zai yi. Ban fi awa biyu a gidan ba har na fara ba shi uzuri. Wannan ne yake hana ni cin nama har yau. Hussaina ta yi farfesu jiya, na tashi na bar ɗakin, tana ta tambaya ko ita ce ta yi mini laifi.

Akwai na biyu, ki yi haƙuri da shi. Na tambaye shi wa ya koya masa wannan aiki, ko Alhaji Jabir ne. Ya ce Alhaji Jabir maganin gaske yake sayarwa, sai dai wanda ya kusa lalacewa. Ya ce, "Allin nan dabarar Yaya ce. Ita ke da babbar rumfar a Tudun Wada, tawa reshe ce. Kan Yaya yana ja."

Don haka ba wasu kika tarar a gidan ba. Na san warin jemage, tare muka shaƙe shi, ni ban yi amai ba. Na yi shiru a takardar farko don ina so ki faɗa da kanki. Ban rubuto don in ci miki fuska ba. Ni da ke kaɗai muka je wurin nan, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke, ke ma haka. In kika ci gaba da cewa ba ki ga komai ba, to kin bar ni ni kaɗai da shi.

Ina jiran amsarki.
Ƙaninki,
Musaddiq.

Tudun Wada, Jos.
20 ga Yuni, 2024.

Ƙanena Musaddiq,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, sau huɗu ina farawa ina yagawa.

Na yi maka ƙarya. Ita na tarar, wato ni kaina. An rushe gidan maƙwabciyata Monsurat an haɗa da nawa, an yi doguwar rumfa. Tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, carbi a hannu, hijabi har ƙasa, fari ƙal. Ba ta yi ƙiba kamar naka ba. Yadda nake haka take, har tabon sallar goshi. Da ta gan ni ba ta ko firgita ba, ta ce a kawo mini ruwa. Tana jan carbi tana ce wa mata masu aiki su rage sukari, su ƙara kala.

Ban tambaye ta komai a kan rumfar ba. Na ce, "Ina Ummusalma?"

Ta ce, "Allah ya yi mata rasuwa, tana shekara biyar."

Na ce, "Me ya same ta?"

Ta ce zazzaɓi ne. Ita ta yi tafiya Kano, uban ya je kemis ya sayo maganin ruwa, ya yi ta ba yarinyar kwana uku. Da ta dawo ta ga kwalbar a kan taga, ta gane liƙin hannunta ne.

Na ce, "Sai kika yi yaya?"

Ta ce, "Aka yi sadakar bakwai. Ranar ta takwas muka buɗe, mutane suna jiran kaya." Ta ce tun daga nan ta hana a kai kayansu kemis ɗin unguwa, sai ƙauyuka. Ta faɗi wannan tana kallona, tana jira in yaba mata.

Na tofa mata yawu a fuska. Ta sa gefen hijabi ta goge, ta ce, "Ke kuma fa? Saboda Allah kika kori Alhaji Jabir?"

Ga amsar, Musaddiq. Shekara goma sha shida ina barin mutane suna cewa na hango sharri ne na tsare ƙanena. Ban hango komai ba. Mako guda kafin ranar na je wurin Alhaji Jabir na roƙe shi ya ɗauki mijina, ya ce kai yake so. Baƙin ciki ne ya tsayar da ni a ƙofar nan. Da a ce mijina ne Alhajin ya zo nema, da da guɗa zan tarbe shi. Ita ta sani, don ita ma ta tsaya a ƙofar da wannan zuciyar.

Saura ɗaya, kuma wannan ba a cikin rami ya faru ba. Ka san yajin da nake sayarwa, wanda masu jego suke aikowa a saya har daga Bukuru. Shekara shida ke nan ina haɗa shi da garin masara, in zuba jar kala don ya yi kyau a ido. Kalar ba ta abinci ba ce, ta masu rini ce, ta fi ja. Kullum ina ce wa kaina ai kaɗan ne, ba ya kisa. Ban sani ba ko yana yi. Ban taɓa tambaya ba. Kai ma ka ci shi, Hussaina ta ci shi a jegon 'yan biyu, ni na kai mata da hannuna.

Da na dawo na kwashe buhu biyu na zuba a masai. Monsurat ta gan ni ta katanga ta ce, "Maman Ummu, lafiya?" Na ce ƙwari ne suka shiga. Ka ga ko a nan ma ƙarya na yi. Jiya dai na kira ta na gaya mata gaskiya, don ta saya wa 'yarta sau uku. Ba ta zage ni ba. Ta tashi ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita, ba ta tsaya sa su ba. Zuwa yanzu na san rabin unguwa ta ji.

Ummusalma tana zuwa ta kwanta a cinyata tana karatu, ni kuma in ɓoye hannuwana a cikin zane. Ba ciwo nake yi ba. Ba na so ka kalle ni ne.

In ka ga ba za ka sake tako gidan nan ba, ba zan ga laifinka ba. Ka roƙa mini Hussaina gafara, ko ka bari in roƙe ta da kaina.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Tabawa.

Nasarawa Gwom, Jos.
23 ga Yuni, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta wa Hussaina sashen yajin, sauran na bar shi tsakaninmu. Ta yi kuka, ta wanke duk robobin kicin da ruwan zafi. Ta ce ba yanzu ba. Kada ki kira ta.

Ni ma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Na kai 'yan biyu asibiti a duba su, an ce mu koma ranar Laraba.

Zan zo ranar Juma'a bayan masallaci, ko me sakamakon ya nuna. Kada a ce mini kina kwance. Kada kuma ki dafa komai, ba zan iya ci daga hannunki ba tukuna. Ki dai buɗe ƙofa.

Ƙaninki,
Musaddiq.