Gidan Madam Odette

Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa daga Limoges, nan ƙasar Faransa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai aiki.

Gidan da nake son saya tsohon gini ne, siriri, manne da na maƙwabta. Rufinsa na yoyo, ɗumama shi lokacin sanyi kuma zai ci rabin albashina. Na auna abin sau da yawa, ban san ko daidai nake aunawa ba.

Araharsa da dalili. Mai gidan, Madam Odette, za ta ci gaba da zama a ciki, ina biyanta duk wata, sai ranar da ta rasu zan shiga. Ta haura tamanin.

Jiya da na je ta ce, "Shigo, ɗana! Ka zo duba ko na mutu? Uwata sai da ta cika ɗari, ka shirya!" Ta yi dariya har da tari. Sai na lura tarin nake saurare. Ban ji kunya ba, ban ji komai ba.

Jibi zan sa hannu a takardar cinikin. Ki sa ni a addu'a, Yaya, amma kada ki roƙa mini in shiga gidan da wuri.

Ƙaninki,
Haladu