Ranar da Inna Ta Tsallakar da Injiniya

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Ciwon bayan nan ya sake ka? Mu duk lafiya lau, yara suna gaishe ka.

Akwai abin da na ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Tun da aka rufe babbar hanya don gyaran gada, layinmu ya zama hanyar kowa. Tifofin yashi ke wucewa a guje har tagoginmu na karkarwa. Makon jiya wata mota ta banke mai wankin da ke kusa da mu yana ɗauke da kayan mutane. Ya rayu, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu. Takarda uku muka kai ƙaramar hukuma, duk amsar ɗaya ce: ana dubawa.

Abin da ya fi damuna mahaifiyarka ce. Wata biyu ke nan Inna ba ta leƙa ƙawarta ta tsallaken titi ba, ga matar tana kwance ba lafiya. Sai ta zauna a bakin ƙofa da sandarta tana kallon gidan. Ba ta ce wa kowa komai, ka san halinta. Kansila ya ce za a turo injiniya ranar Laraba. Ni dai ban sa rai ba.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau ko lafiyarka ban iya tsayawa tambaya da kyau ba, ka yafe mini. Labari ne fal a bakina.

Injiniyan ya zo ranar Larabar nan da hantsi, dogo, da farar riga da fayil a hammata. Mazan layi suka kewaye shi kowa na magana, shi kuwa yana ta bayanin cewa sai an yi nazari, sai kwamiti ya zauna. Har ya juya zai shiga mota, sai na ga Inna ta miƙe. Matar da ko a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta! Ta je ta kama hannunsa, ta ce, “Ɗana, tsallakar da ni.”

Kunya ta hana shi ƙi. Suka sauka kan kwalta, tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi sauri. Suna kaiwa tsakiya sai ga tifa daga sama, wata daga ƙasa. Wallahi na rufe ido ina salati. Da na buɗe, suna nan tsaye tsakanin motocin biyu, iska ta watsar da takardunsa, shi ne ma ya ƙanƙame hannunta. Ita ko gezau. Sun daɗe a wurin nan, babu direban da ya tsaya. Duk layin ya zuba musu ido, har mai wanki da ya fito da sandunansa.

Da suka kai can, sai ya zauna a bakin kwata, fuskarsa sharkaf da gumi. Inna ta dube shi ta ce, “Jikokina sau huɗu suke yin wannan a rana.”

Sai ya ciro waya, muna ji yana ɗaga wa wani murya.

Kwana shida, maigida. Kwana shida kacal aka yi tudun rage gudu guda uku, aka shafa farin zane na masu tsallakawa, aka kafa allon hana manyan motoci. Shekara goma sha ɗaya ina zuba wa matar nan abinci, ashe ban san wadda nake zaune da ita ba.

Jiya injiniyan ya dawo a ƙafa, shi kaɗai, wai gaishe ta ya zo yi. Ya durƙusa har ƙasa. Ta amsa, sannan ta gaya masa tudun da ke kusa da makaranta ya yi gajarta, babura na tsallake shi kamar ba komai. Yana durƙushen ya ciro biro ya rubuta.

Ka kula mini da kanka.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka