Tsuntsayen Inna Sun Tashi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya Hajara da yara? Mu nan Ƙaura lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinka! Tun da munka baro Kurya, Inna ba ta da abin ɗebe kewa sai tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah, masu sheƙa a rumfarmu. Sau biyu 'ya'yansu na mutuwa, zaren buhu da gashin kitso da uwar ke tsintowa ke shaƙe su. Inna har abinci ta rage.

Sai na zana ɗan kwando mai huji-huji a kwamfuta, na buga shi da injin wurin aikinmu mai mai da zane ya zama abu na roba, na cusa busasshiyar ciyawa da gashin kaza, na rataye a rumfar, uwar kuwa ta koma ciki ta yi ƙwai. Kawu Isa ya ce, "Karatun naki a katifar tsuntsu ya ƙare?"

Jiya 'ya'ya huɗu sunka tashi, Yaya, huɗu cif! Inna ta fito ba sanda, tana ƙwala wa maƙwabta kira.

Ka sa gwiwoyinta a addu'a, ka gaida kowa. Ta ce ba ta son tsaraba, ka zo ku zauna ku kalla tare.

Ƙanwarka,
Rabi