Lasifikar da Inna Ta Amsa wa Sallama

Magarya, watan Safar, 1978

Zuwa ga Yayana Alkasim, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Huraira da yara. Allah ya tsare ka a wurin aiki, ya sa albarka a nemanka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu ma nan lafiya lau muke. An gama girbi a Yekuwa, gero ya yi kyau, wake ne kawai ya ba mu kunya bana. Ƙanwarmu Asabe ta yaye ɗanta, ya yi ɓulɓul abinsa. Maigidana Wakili yana nan yana fama da koyar da 'yan lakwal a aji, kullum ya dawo murya a dushe.

Yaya, kaset ɗin da ka yi mana magana a ciki ya iso ta hannun Gajere direba. Muka ɗauki rikoda muka tafi Yekuwa, gida ya cika maƙil, har maƙwabta suka shigo jin muryarka. Inna kuwa ta ba mu baya tana ɓarar gyaɗa, ko gezau ba ta yi ba. Muka yi ta ƙunshe dariya muna cewa kunyar ɗan fari ce, tunda ka san tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba. Sai da aka watse ta kira ni ɗaki, ta tambaye ni a hankali ko mutumin can na arewa ya ce lafiyarsa ƙalau. Gabana ya faɗi, don da wannan maganar ka fara. Ashe kunnen Inna ya yi nauyi. Ta ce ita ba abin da take ji a akwatin nan sai kamar ƙuda ya shiga gora. Mu muna yaba mata kawaici, ita kuma tana zaune ba ta jin ɗanta. Wallahi ranar na yi kuka.

Wakili ya ce bakin rikodar ne ya yi ƙanƙanta, sai an haɗa mata lasifika mai kyau da injin ƙara sauti da batirin mota. To amma ta yaya za mu san wadda Inna za ta ji? Ka san ko za a yanka ta ba za ta ce ga wadda ta fito mata da muryarka ba. Ranar kasuwa muka ɗauko ta a amalanke da sunan za a duba mata gwiwa a likita, daga can muka bi da ita shagon Maiwada, mai kawo kayan rediyo daga Kano. Aka ba ta kujera a bakin ƙofa, ta zauna tana kallon masu wucewa kamar ba da ita aka zo ba.

Surukinka kuwa yana shiga idonsa ya faɗa kan wasu manya guda biyu, kowace ta kai girman akwatin lefe, da ƙarfe mai walƙiya a gaba. Maiwada ya sa musu kiɗa, sai da kwanonin mai shagon kusa suka ɗauki rawa. Wakili ya washe baki, na tabbata har ya hango 'yan uwansa malamai suna zuwa kallo. Na ce masa ba girin-girin ba dai, ta yi mai, mu ba gidan biki za mu buɗe ba. Na ciro kaset ɗinka daga bakin zane na ce da wannan za a gwada. Da aka sa, ƙara kam akwai ta, amma muryarka ta yi kauri kamar kana magana daga cikin rijiya. Ni kaina da ƙyar na gane ka. Na saci kallon Inna. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar ba ta ce mini komai ba, sai na fara sarewa.

Nan Maiwada ya hau benci ya sauko da wasu ƙanana na katako, ba ado ko kaɗan, amma nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ce waɗancan na ganga ne, waɗannan kuwa an yi su don murya, kowace tana da baki biyu, babba na sauti mai kauri, ƙarami na siririn sauti, kuma sun fi manyan tsada. Fuskar Wakili ta yi kamar ya sha tsamiya. Aka haɗa waya, aka mai da kaset farko. Yaya, sai ga gyaran muryar nan taka da kake yi kafin magana, sannan sallamarka ta fito tar, kamar kana tsaye a zaurenmu. Ba ka rufe baki ba Inna ta amsa, da ƙarfi, cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu. Duk muka juyo muna kallonta. Da ta farga da abin da ta yi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce me muke kallo, amsa sallama ai wajibi ne ko ta baƙo ce. Amma na ga gefen mayafin ya jiƙe. An ce gani ya kori ji, mu ranar ji ne ya kori gani. Wakili da kansa ya rungumi ƙananan, ko waiwayar manyan bai yi ba.

Yanzu suna ɗakin Inna a Yekuwa. Ta ce ita ba ruwanta da kayan zamani, amma ta lulluɓe su da zanenta na salla, kuma duk jikan da ya matsa kusa sai ya sha ludayi. Asabe ta ce kullum da hantsi sai Inna ta ce a kunna a ga ko batir bai mutu ba. Inna ta kuma ba ni ƙullin citta da kanumfari, ga shi nan a hannun Gajere. Wai a ba wani mutum, ta ji kamar mura na damunsa.

Ka gaida Huraira da kyau, da Nafi da ɗan autanku Mohamman. Kawu Tsoho da Asabe da Wakili duk suna gaishe ka. Roƙona ɗaya, Yaya: in za ka sake yin kaset, bayan ka yi sallama kada ka yi saurin ci gaba. Ka ɗan yi shiru, don akwai mai amsa maka.

Taka ƙanwar mai kewarka,
Zuwaira