Ban Iya Canka Ba

Litinin, 24 ga Satumba

"Nawa kika ce? Sake faɗa, kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya."

Farfesa Barigye ke nan, shugaban sashenmu, yana ɓare dafaffen ƙwai a kan takardun ɗalibai. Na sake faɗa. Ɗari biyar da talatin cikin ɗari takwas, a jarrabawar GMAT. Makarantun Amurka da nake nema don digirin digirgir a fannin kasuwanci, masu ɗari bakwai suka saba ɗauka.

"Ke da kike koyar da ƙididdiga?"

Na ce ni ɗin, ssebo, wato ranka ya daɗe.

Ya yi dariya har gishirinsa ya zube. Sannan ya tuna mini abin da ban manta ba: jami'a ta ce duk malamin da bai yi rajistar digirin nan ba zuwa Yuni, ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Kujera ɗaya ta rage a ƙarƙashinsa, za a rufe jerin sunaye ranar sha huɗu ga Disamba. "Ko in rubuta miki wasiƙar shaida ki gwada Turawanki, ko ki zauna in raine ki a nan. Ɗaya dai, Perpetua. Ba zan raka ki tasha in kuma ajiye miki abinci ba."

Na jira in ji wani abu a raina. Abin da na lura da shi kawai, ƙwan bai dahu sosai ba.

Laraba, 26 ga Satumba

Ruwa tun safe. Ɗan boda, mai acaɓa ke nan, ya bi da ni ta cikin kwatami. Na koyar da aji biyu da jiƙaƙƙen siket, ba wanda ya mutu.

Asabar, 29 ga Satumba

Shagon gyaran gashin Gorreti a unguwar Wandegeya. Yayata ce, saboda haka tana ganin kaina nata ne, ciki da waje. Ta dasa ni a kujera ta ce in faɗa mata abin da ya faru.

Na faɗa. Kwamfuta tana ba ka tambaya ɗaya, sai ka zaɓi amsa za ta ba ka ta gaba, kuma ba komawa baya. Na iso wata tambaya a kan famfo biyu masu cika tanki. Amsoshi biyar. Uku na san ƙarya ne. Biyu suka rage, na kasa raba su. Na zauna ina sake lissafi, agogo yana tafiya. Haka na yi a wurare da dama. Tambayoyin ƙarshe ko ganinsu ban yi ba.

Ta ajiye matajin. "Ki danna ɗaya mana, 'yar boko! Tankin naki ne?"

Na ce ban tabbata ba.

"Sista Scholastica ta mutu, Perpetua. Mun je jana'izarta, kin ci shinkafa faranti biyu."

Gaskiya ne. A makarantar mishan, in ka bar fili, Sista ta wuce ka. In ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba, rula a kan ƙashin yatsu. Ta ce canka ƙarya ce da aka yi da tawada. Ni ba a taɓa dukana ba. Gorreti kullum, ga ta yau da shago da mota.

"Ke ko miji," in ji ta, "sai an nuna miki takardar amsa kafin ki zaɓa."

Matan da ke ƙarƙashin na'urar busar da gashi suka yi dariya. Kitson ya yi tsauri.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Na ci abincin rana da Okwir. Shekararsa ta tara ke nan yana digirin a hannun Farfesa, kuma shi ke ɗaukar masa jaka, baƙar nan ta fata mai karyayyen maɗauri. Makon jiya ya kai 'yar Farfesa wajen likitan haƙori. Kafin nan ya je Mbarara duba shingen gonarsa. Na tambaye shi babi na uku na kundin digirinsa. Ya ce yana mota.

"Motar wa?"

"Ta Farfesa. Tun Ista."

Bai faɗa da ɗaci ba. Yana tsame wake daga dafaffiyar ayabar matoke ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Amma tabbas ne, nnyabo, ranki ya daɗe. Sunanki yana jeri, albashi yana shiga, ba mai taɓa ki. Wata rana kuma zai karanta."

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Ban san ko haka aka haife shi ba.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Maama ta kira daga Masaka. Matan coci sun fara ce mata uwar Dokta. Ta ce ba ita ta faɗa musu ba. Ita ce.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Na sake zama jarrabawar. Ɗari biyar da arba'in.

Na shiga da niyyar dannawa in wuce. Da na iso wurin, yatsan ya tsaya a kan linzamin kwamfutar kamar na wani. Wannan karon jiragen ƙasa ne biyu.

Na sayi gasasshiyar masara a hanya. Ba ta da ɗanɗano, ko kuma bakina ne.

Talata, 20 ga Nuwamba

Na rubuta wa makarantu shida ina tambaya, a fakaice, ko mai irin makina ya ɓata lokacinsa. Biyar sun amsa da jimla iri ɗaya: suna duba mutum gaba ɗayansa. Ina jin wata mata ce guda take rubuta wa duk Amurka.

Ta shida wata farfesa ce da na aika wa takardata a kan yadda 'yan boda suke sayen babur ta hanyar adashe. Layi uku. Makinki yana ƙasa ƙwarai. Ban san abin da kwamiti zai yi ba. Tambayar da kike yi mai kyau ce.

Na karanta, na sake karantawa, ina neman inda ta ɓoye e ko a'a. Babu. Mace mai kujerar farfesa ta rubuta "ban sani ba" ta sa hannu, ta tafi shan shayinta.

Jumma'a, 23 ga Nuwamba

Babu komai. Na wanke labule.

Asabar, 1 ga Disamba

Gorreti ta ce in kawo takardun ta zaɓa mini. Ta ce za ta rufe ido ta ɗora yatsa, yadda ta zaɓi shagon, da mijin farko.

Na ce ai mijin farkon bai yi ba.

"Bai yi ba, na sake dannawa. Ke kina nan kan famfo."

Na yi lissafin da na iya. In na sa hannu wajen Farfesa, aikina ya tsira, na zama Okwir mai siket. In na nemi wasiƙa, ya ba wani kujerar, makarantun kuma suka ƙi ni, a Yuni ba ni da aji, ba ni da ofis, sai kwalin digiri biyu da kujera a shagon Gorreti. Amsoshi biyu suka rage. Na san wurin nan.

Alhamis, 6 ga Disamba

Sa ido a jarrabawar 'yan aji biyu, ni da Okwir. Ina zagawa ina leƙen takardu. Filaye farare ko'ina, an tsallake su da tsabta. Ni na koya musu. Duk shekara nakan ce kada wanda ya rubuta mini abin da bai tabbatar ba, har suna kwaikwayon muryata a bayan ɗakin karatu.

Da lokaci ya kusa, sai na ji bakina yana cewa, "Wanda bai tabbata ba, ya rubuta abin da ya fi zato."

Kawuna suka ɗago. Wata a layin gaba ta ce, "Madam, da gaske, ko tarko ne?"

Na ce lokacinta ne ke tafiya. Okwir ya dube ni kamar na cire takalmi a coci. Gajiya ce kawai, ina jin.

Laraba, 12 ga Disamba

Sakatariya ta tare ni a matakala. Farfesa ya ce in zo jibi da biro.

Jumma'a, 14 ga Disamba

Takardar rajista tana kan tebur, an riga an buga sunana, har da sunan gidanmu Nalwoga daidai, abin da ofishin albashi bai taɓa iyawa ba. Jakar tana kan kujerar baƙi, sai na tsaya a tsaye.

"Sa hannu a nan, 'yata. In kin gama ki miƙa mini jakar nan mota, Okwir ya tafi Mbarara."

Na duba layin. Na duba jakar. An ɗaure maɗaurin da waya.

Na ce wasiƙar nake so, ssebo.

Ya cire tabarau. "Wani ya yi miki alkawari a can?"

A'a.

"Kina da tabbacin za su ɗauke ki da wannan makin?"

A'a.

"To da me kika dogara?"

Na ce ina zato ne kawai.

Ya ce zai rubuta, kuma zai rubuta gaskiya, cewa ban taɓa yin kuskure a gabansa ba sai yau. Ya ja takardar ya soke sunana da layi ɗaya, ya ɗaga waya ya ce wa sakatariya ta nemo masa yaron nan na sashen akanta. Ya ce Yuni ba nisa. Na ce na sani.

Ba wani abu ba ne. Makarantu huɗu zan aika wa, mai yiwuwa duk su ƙi. Sai dai yunwa ta kama ni a tsaye a wurin, irin wadda na manta da ita tun Satumba.

Ya nuna jakar da haɓa, ko don sabo. Na yi kamar ban gani ba. Ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan, kowa a sashen ya sani. Na ɗaga, na ja, ta kama. Na sauka.