Tambayar Maƙwabciya

Goronyo,
4 ga Oktoba.

Zuwa ga ɗiyata Kausar, Likitar Magarya da kewaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, karatu kuma shina shiga yadda ruwan dam ka shiga fadama.

Tun da anka rufe muna layin waya saboda mutanen daji, mun koma zamanin kakanni. Ni da nib bar biro tun aji ukku na sakandare, yau ga ni ina rubutu awa akawun kotu. Lawwali direba zai kawo miki takardar ga da ɗan buhun albasa. Ki duba bakin buhun, na san ɗaurina, kuma na san Lawwali.

Shekaranjiya na biya Magarya. Innarki Bara'atu tana gaishe ki, ko da yake kin san ba da bakinta tac ce haka ba. Ke ta ɗiyar fari, shekara ashirin da biyu ƙanwar tawa ba ta taɓa kama sunanki ba, sai "ke", sai "waccan". Ran da takardar jami'a taz zo, Allah ya buɗe mata hanya: Likita. Yanzu ba ta gajiya da shi. "Jelani, Likita ta aiko?" "Jelani, can suna barin Likita ta ci abinci kuwa?" Har kaji ta gaya ma labarinki.

Kasuwa ma haka. Mutum ya zo sayen albasa, ya bar min ciwon gwiwa nai da tarin matatai. Ina ce musu su riƙe ciwonsu da kyau, ɗiyata na nan tahe.

To wata biyu ke nan ko gaisuwa ba ki aiko ba. Mi ya faru? In girman likitoci na ya fara kama ki, ki tuna ni na goya ki kan mashin zuwa Rabah ran da kinka shiga sakandare, kina kuka kina shafa min majina ga riga.

Ki huta lahiya.
Kawunki,
Jelani mai albasa.


Sakkwato,
11 ga Oktoba.

Zuwa ga Kawu Jelani,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Anti Sauda da yara. Albasa ta iso, ɗaurinka na nan yadda ka yi shi. Allah ya ƙara buɗi.

Kawu, ba girma ya hana ni rubutu ba. Akwai babbar jarrabawa da ake yi kafin a bar ɗalibi ya shiga asibiti ya fara ganin marasa lafiya. Na faɗi. Wannan ne karo na biyu. Na riga na maimaita ajin nan sau ɗaya, yajin aiki da zaman korona suka rufa mini asiri, kowa a gida ya ɗauka su suka ci shekarar. An ba ni damar ƙarshe a watan Nuwamba. In na sake faɗuwa za a fitar da ni daga sashen likitanci.

Ba wasa nake ba, wallahi. Biyokemistiri ina haddace shi kamar allo, da an juya tambayar sai ya watse. Anatomi kuwa gawa ake sa mana a gaba. Ranar gwaji ana jera sassan jiki a tebura, an soka allura a wata jijiya, ka rubuta sunanta kafin minti ɗaya ya cika a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba. Ni ina tsaye ina tunanin wannan hannun na ɗan wani ne da ba a yi wa sallah ba, sai in ji ƙararrawa. A Rabah ni ce ta ɗaya, Malama Sadiya ta ce ba abin da ya dace da ni sai likita, ni kuma ban taɓa tambayar kaina ba. Nan kowa na ɗaya ne a garinsu.

Abin da ya fi cin raina sunan nan ne. Da na zo hutun Babbar Sallah, Inna ta same ni ina tsintar shinkafa. Ba ta dube ni ba, ta ce wata maƙwabciya ta ce a tambayi Likita: ƙullutu ya fito mata a nono, ba ya ciwo, mi ke nan? Kawu, ban sani ba, ba mu kai nan ba. Raina ya ce in ce ta tafi asibiti, sai na ga in na faɗi haka kamar na ce wa Inna ni ban isa ba. Na ce kaluluwa ce, tun da ba ta ciwo za ta baje, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta tashi. Ko sunan matar ban tambaya ba.

Na gaji da ƙarya. Kai ne take jin maganarka. Don Allah ka gaya mata gaskiya kafin sakamako ya gaya mata.

Ɗiyarka,
Kausar.


Goronyo,
20 ga Oktoba.

Ɗiyata Kausar,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau.

Wace gaskiya? Shekara talatin ina kasuwa ban taɓa ganin wanda ya kwance buhu ya ce ma mai saye "ga ruɓaɓɓiyar nan ƙasa" ba. Ana jera manya bisa, a yi addu'a, a ɗinke. Kafin a kai Legas wata ta bushe ta gyaru, wadda ba ta gyaru ba a ce zafin mota na. Ke jarrabawar ba a yi ba tukuna, kina son in tai in kashe ma innarki zuciya tun yanzu?

Kuma kin makara. Ran Juma'a na je Magarya, tat tare ni tun zaure, "Likita ta aiko?" Nac ce ta aiko, ta ci jarrabawa, saura kaɗan a rataya mata abin sauraren ƙirji. Da kin ga fuskarta da ba ki sake rubuta min irin wagga takarda ba. Ta ɗan rame, tac ce azumin nafila na take yi maki.

Ga shawara, kyauta. Jijiyoyin nan ki ɗauke su awa 'yan kasuwa. Ni na san dillali ɗari biyu da sunan ubansu, ba da littahi ba, da halinsu na san su: wanga maƙaryaci na, wancan shi ka bin bayan wane. Kowace jijiya ki ba ta hali. Gawa kuma ki yi mata addu'a tun daga ƙofa ki wuce wurin, ita ta gama tata jarrabawar, taki ta rage. Ki nemi yarinyar da ta hi kowa ƙoƙari ki riƙa kai mata albasa. Malamai ki gaishe su da sahe har su gaji da ke, mutum ba ya son kayar da wanda ya san fuska tai.

Zancen maƙwabciya kuwa kin yi daidai. Likita ba ya cewa bai sani ba. Mai kemis na bakin tasha bai gama firamare ba, ban taɓa jin yac ce bai sani ba, kuma ga shi ya yi gida mai bene.

Ki ci abinci. Allah ya ba da sa'a.
Kawunki Jelani.


Sakkwato,
6 ga Disamba.

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida.

An kafa sakamako a allo ranar Alhamis. Lambata tana ƙasa, cikin mu bakwai da aka ce mu nemi wani sashe. Na tsaya ina karanta ta har wani ya ce in matsa ya duba tasa. Na ba jijiyoyi hali yadda ka ce. Ƙararrawa ba ta san da haka ba.

Sun ce zan iya komawa ilimin tsirrai ko aikin gona. An ba ni fom, yana cikin jaka, ban cike ba. Shekara huɗu na tashi daga Magarya don in koyi abin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya sani ba tare da ya taka aji ba. Ban san ma ko ina son likitancin ba, Kawu. Da aka cire ni, abin da na fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mini tulu daga kai, sai kunya ta biyo baya ta zauna. Ba na fita ɗaki sai sallah da ɗebo ruwa. 'Yan ajinmu sun fara shiga asibiti da fararen riguna, tawa tana rataye a ƙusa.

Amma ba don wannan na rubuto ba. Wata 'yar aji biyar a ɗakinmu na ba labarin maƙwabciyar Inna, kamar da wasa. Ta ajiye cokali. Ta ce ƙullutun da ba ya ciwo shi ake tsoro, mai ciwon ma ya fi sauƙi. Ta ce wata nawa yanzu? Na ce biyar.

Don girman Allah ka tura Anti Sauda Magarya ta tambayi Inna wace mata ce. A ce mata Likita ta yi kuskure, ta tafi asibiti gobe, kada ta jira jibi. Ko wannan kaɗai in gyara.

Ɗiyarka,
Kausar.


Goronyo,
12 ga Disamba.

Kausar,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Sauda ta tai Magarya ran Talata. Ta tambayi innarki wace maƙwabciya ta, tac ce ta manta. Ta sake tambaya, tac ce matar ta tashi ta koma Sisawa. Sauda ta shiga ɗaki ta aje mayahi, sai taj ji wari. Bayan gado akwai tsummoki a roba, an jiƙa su. Ta rufe ƙofa ta ce ba ta hita sai ta gani.

Babu maƙwabciya, ɗiyata. Bara'atu ta. Ta ya za ta buɗe baki ta ce ma ɗiyar farinta "nonona"? Wurin ya fashe tun watan jiya. Tana gasawa da ruwan ɗumi sahe da marece, yadda anka ce mata.

Na bar rumfa na tai da kaina da mota, nac ce ta tashi mu tai Wurno a duba ta. Tana zaune bisa tabarma tana sussukar wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Tac ce, "Likita ta ji zancen, ta ce ba komi. In ma da komi, kai da bakinka kac ce saura kaɗan. Na jira ta. Ba ƙaton da zai buɗe ni ina da likita tawa." Na yi hwaɗa, na yi lallashi, na kawo liman. Daga baya na koma sana'ata, nac ce Likita ta aiko a kai ki. Tac ce in Likita ta, ta zo ta hwaɗa da bakinta.

Na sayar ma mutane da kaya iri-iri, kowa ya tai ya gano daga baya ya zage ni, mun shirya. Wagga ita kaɗai ta saya ba ta taɓa dubawa ba. Tun Oktoba na ga ramar, tac ce azumi, na karɓa don ya yi min daɗi.

Lawwali zai tsaya bakin ƙofar makarantarku ran Laraba da hantsi. Ki taho. Farar rigar nan in ba su amshe ba ki sa ta cikin jaka. In kin shiga da ita kin ce "Inna, tashi", za ta tashi, na sani. In kuma gaskiya za ki gaya mata, ban san abin da za ta yi ba. Ni dai na bar ba da shawara.

Ki yahe min.
Jelani.


Sakkwato,
21 ga Disamba.

Kawu,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma Goronyo lafiya.

Ka tambaye ni a mota mi na ce mata a ɗaki, ga amsar. Rigar ba ta fita daga jaka ba. Na durƙusa na ce, "Inna, an cire ni. Ni ba likita ba ce, ba zan zama ba, kuma abin da na gaya miki ranar ban san shi ba." Sai ta ce in miƙo mata mayafi.

A asibitin nan Sakkwato likita mace ce ta duba ta. Ta ce ciwon daji ne, ya kai huhu, abin da ya rage a rage mata zafi. Ta tambayi Inna a gabana wa ya ce mata kaluluwa ce. Inna ta ce, "Wata maƙwabciya ce."

Kwana biyar ba ta kira ni da komai ba, in tana son abu sai ta nuna da hannu. Yau da hantsi ina wanke mata kofi na ji ta ce, "Kausar, zo ki zauna nan."

Kawu, ka taho.

Ɗiyarka.